Sunan Malam a Bakin 'Yan Kallo

A shekarar da Nasara suka soke aikin dole, lokacin da aka yi ta kiɗa a Abijan, daga unguwar Tireshbil har Ajame, kamar ba za a daina ba, ina saurayi, ban yi aure ba, kuma a wannan gefen ruwa babu wanda ya fi ni sanin hanyar raga. Da sunan Allah na fara, da ajami kuma nake rubutawa kamar yadda aka koya mini. Wanda zai juya muku shi zuwa boko ya ji tsoron Allah, kada ya gyara mini magana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bayan ido ya yi rauni shi ne tambayar da jikata Nafisa ta shigo mini da ita daga unguwar Aras, tana dariya.

"Kaka, wai da gaske mahaifinka ɗan ƙwallo ne? Wani tsoho ya rantse mini ya gan shi da gajeren wando."

Ban yi dariya ba. Tsohon bai yi ƙarya da gangan ba, amma mahaifina bai taɓa sa ƙafarsa a kan ƙwallo ba, gwiwarsa kuwa ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa gani ba. Ga yadda aka yi.

Malam, wato mahaifina, ya zo Abijan daga Adar a bayan shanu, ya ga mahauta da 'yan tireda namu ba su da mai ja musu salla, ya zauna. Suka gina masa masallaci na katako da rufin kwano kusa da inda ake yanka, gidanmu na manne da shi. A wannan gida akwai sunaye biyu da ba a faɗa. Na farko nasa ne. Inna tun da aka kawo ta ba ta taɓa furta shi ba, mu ma haka, almajiransa ma haka. Yaron maƙwabta da aka raɗa wa irin sunan, har ya yi gemu Mai Sunan Malam muke ce masa. Zan rubuta shi nan don babu makawa, alƙalami dai ba baki ba ne, Allah Ya yafe mini: Illo. Baƙi uku ne kawai, alu da lam da wau, amma hannuna ya yi nauyi. Suna na biyu nawa ne, don ni ne ɗan fari, kuma mutumin Adar ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa. Ina zaune a gabansa, gwiwata na kusa da tabarmarsa, sai ya ɗaga murya wajen Inna a cikin gida ya ce, a gaya wa yaron nan kaza. Ni kuma in ce to, kamar daga wani gari aka aiko. Ku 'yan yanzu kuna ganin wannan ƙiyayya ce. Ba ita ba ce. Abin da aka fi so shi ake rufewa.

Ƙwallo na fara ta ne da lemun tsami da tsumma a rairayin bakin ruwa, bayan an tashi daga allo. Wanda ya kai ni ƙungiya abokina ne Bakari, ɗan ƙabilar Jula, wanda ya koyi Hausa a wajen mahauta, shi ya sa rabin Hausarsa zagi ne. Ƙungiyar ta wani kamfanin katako ce. Suna ba ɗan wasa aiki a sito, sunan aiki dai, gaskiyar abin ƙafarsa suke ciyarwa. Mai takardar aikin kamfani kuwa ba a kama shi a kai shi gandun Nasara ko aikin hanya. Saboda wannan ne Malam ya kau da kai. Ya gwammace ɗansa ya bi fata da gudu da a ɗaure shi a jefa a mota.

Ranar da za a ɗauke ni, magatakarda ya tambayi sunana, na ce Haruna. Ya tambayi sunan ubana. Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ya buga tebur. Sai Bakari ya faɗa masa, tsirara, babu Malam, babu komai.

"Don me ka yi haka?" na ce masa da muka fito.

"Kai ɗan Malam, cika takarda ne. Wa zai karanta?"

Abin da ban sani ba, Nasara da suna na biyu suke kiran mutum. Washegari a fili, Baturen da ke koya mana wasa, wanda muke ce wa Mushe, ya busa usur ya kwarma sunan da ko Inna ba ta faɗa, yana nuna ni da yatsa. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na je na rusuna na ce, Mushe, Haruna. Ya ce yana da Aruna ɗaya a baya, ba ya son biyu, in koma wurina. Na kai kuka wajen Bakari, shi kuwa ya kasa gane abin da ke damuna.

"Mu a wurinmu in an kira mutum da sunan gidansu, girma aka ba shi. Maroƙi ma sai ka biya shi kafin ya yi maka haka. Kai ga shi kyauta kana ɓata rai!"

Da zuciya ɗaya ya faɗa, Allah Ya jiƙansa. Na ce a raina fili ne, abin zai tsaya a fili. Da ban iya wasa ba da ya tsaya. Amma Allah Ya ba ni ƙafar hagu, Ya kuma ba ni sanin inda ƙwallo za ta faɗo tun ba ta tashi ba. Aka sa ni ɗan gaba, na yi ta ci.

Kada ku ɗauka shahara ce irin ta waɗannan da kuke gani a talabijin suna wasa a Turai. Tawa ta tsaya ne tsakanin kasuwar Tireshbil da tashar motar Ajame. A garin Basam nan kusa wasu sun ji labari, a Buwake can arewa babu wanda ya san da ni. Ladanta shi ne mai aceke, dambun rogon nan, ta ƙara mini kifi, mai kwalekwale ya ce in bar kuɗina. Amma gari ƙarami ne a lokacin, kuma abin da ya cika ƙaramin gari ya cika duniyar mai shi. Yara na faɗa a lungu kan wa zai zama Illo yau. Masu shan bangi, wato bammi, na rantsuwa da shi. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye muku ba, amma daɗin kamar shinkafa mai tsakuwa ne, ba ka san lomar da za ta fasa maka haƙori ba. Inna ta daina aikena kasuwa, ita ma ta rage zuwa. Wata rana ta dawo ta ajiye kwando, ba ta dube ni ba.

"Sunan da na riƙe a bakina kamar garwashi ban tofar ba, yau na ji shi a bakin mai tallan gawayi. Har da ƙari, wai ya iya tsalle."

Na ba ta labarin magatakarda da Bakari. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta san takarda ba, kunnenta ta sani.

Sai ga wani bafatake ya sauka a tashar Ajame daga gida, ya tambayi yara inda zai sami Malam Illo. Suka ɗauki kayansa da murna suka kai shi bakin fili, suka nuna masa ni ina gudu, cinya a waje. Bawan Allah ya tsaya yana salati. Da aka kai shi gidan gaskiya daga baya, ya ba da labarin a gaban dattawa, yana zaton abin dariya ne. Wasu suka yi dariyar. Malam ya ci gaba da jan carbi.

To ga aikin dole an soke, hujjar da nake fakewa da ita ta faɗi, wasa kuwa ya ƙara cika, don mutane sun sami sakewa. Aka haɗa mu da ƙungiyar Ajame, a zo wurinmu sannan mu je wurinsu. Yawancin magoya bayansu yaran mahautan can ne, Hausawa 'yan'uwanmu, kuma tsakanin pawar Ajame da pawar Tireshbil akwai tsohuwar tsokana tun daga kan wa ke fara zaɓen shanun da jirgin ƙasa ya kawo. Suna gabanmu da ɗaya, ana dab da tashi, aka ba mu bugun daga kai sai mai tsaron gida. Na aje ƙwallo, na ja baya, na buga ta ta wuce saman itace kamar tana neman tsuntsu. Ban tsaya jin komai ba, na zura riga na ruga in riski Magariba.

Ina sahun baya, ƙurar fili ba ta gama fita daga ƙafata ba, Malam ya gama Fatiha ya kama sura, sai ga magoya bayan Ajame. Hanyar gadar da za su haye su koma gida ta ƙofar masallacinmu ta bi. Suna buga gwangwani suna rerawa da Hausa tsantsa, wadda babu wanda ke cikin sahu da zai ce bai ji ba:

"Illo ƙafar ungulu! Illo ɓata miya!"

Bangon katako ne, ba ya tare komai. Muryar Malam ta tsaya. Mutumin da tun tasowata ban taɓa jin ya yi tuntuɓe a aya ba, ya koma baya, ya sake tsayawa, sai da ladan ya tuna masa. Na yi sujada ina roƙon ƙasa ta buɗe. Har yau in na ji wannan sura ana karantawa sai ƙeyata ta yi zafi.

Bayan sallama ba wanda ya tashi. Sarkin Pawa, wanda shi ya sayi kwanon masallacin, kuma maganarsa ce magana a cikin jama'armu, ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, karatunka ba mu da ta cewa a kai. Amma liman farar riga ce. Ba za mu bi sunan da ake yawo da shi a mashaya ba. Ko yaro ya bar wannan abu, ko mu nemi wanda zai shige gaba. Ba da son raina na faɗa ba."

"Na ji," in ji Malam.

Na yi zaton duka, ko kora. Da ya yi ɗaya daga ciki da na sami sauƙi. Sai da aka kawo tuwo, ina durƙushe a gefe, ya ɗaga murya wajen Inna kamar kullum.

"A gaya wa yaron nan, in ya gama da abin da ya ara, ya maido."

Da safe na naɗe rigar wasa na kai wa Mushe. Ya yi ta faɗa da Faransanci, Bakari na juya mini abin da ya ga dama. Wai ana shirin zaɓen waɗanda za a kai Dakar, wai sunana na ciki, wai in na fita daga fili na fita daga sito. Na ce na ji. Bakari ya biyo ni har bakin ruwa.

"Kai mahaukaci ne? Suna ne fa, ba ƙafa aka yanke masa ba!"

"A wurinku."

"To ka bari a ci Ajame tukuna, ɗan ungulu, sannan ka tuba!"

Na koma gida na zauna a zaure ina wanke alluna, ina ganin na maido abin aro. Ashe suna ba riga ba ne da za ka naɗe ka miƙa.

Ranar Lahadin da za a je Ajame, an idar da Azahar, dattawa na zaune a inuwar masallaci, Sarkin Pawa a tsakiyarsu, sai muka ji hayaniya na tahowa. Mutanenmu ne na Tireshbil wannan karon, Jula da Bawule da masu kamun kifi, da yara kamar fari. Suka cika ƙofar gida, suka haɗa baki suna kiran sunan, suna cewa ya fito. Dā a fili ake yi, a lungu, a mashaya. Barina wasa ya kawo shi har bakin tabarmar mai shi. Ina cikin zaure, na leƙa ta tsagar ƙyaure, na ga Sarkin Pawa ya dubi Malam, duban da ke cewa ka gani ko.

Malam ya tashi a hankali. Ya gyara rawani, ya ɗauki sandarsa, ya tako har gabansu. Ya yafito Bakari ya ce ya juya musu.

"Wa kuke nema?"

Suka faɗa, da ƙarfi.

"Ga ni. Ina ƙwallon?"

Dariya ta fashe daga baya ta zo gaba. Wani ƙaton mai kamun kifi ya cire hularsa ya ce, Baba, ɗanka muke nema.

"Shi ba shi da suna ne?"

Suka dubi juna. Duk wannan taro da suka sha ɗaukata a kafaɗa, babu wanda ya sani. Bakari ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Kai ka ba da nawa ba da izini ba. Wannan ni zan bayar."

Sannan ya faɗa, a hankali, kamar mai ɗaga dutse daga kan ƙirjinsa.

"Haruna."

A cikin gida na ji ƙwarya ta faɗi daga hannun Inna. Wani dattijo ya ce subhanallahi. Sauran suka sunkuyar da kai kamar an kwance wa mutum zane a gabansu, don duk 'yan gida ɗaya ne, sun san abin da ya yi. Malam ya ɗaga murya.

"Sunansa Haruna. Da rago aka raɗa masa. In ya ci, shi ya ci. In ya zubar, shi ya zubar, ku zage shi da abinsa. Wancan kuwa nawa ne, ku aje mini."

Ya juyo wajen zaure, bai dubi ƙyauren ba, ƙasa yake kallo.

"Haruna, fito. Mutanenka na jira."

Duk kunyar da na sha a baya, ta magatakarda, ta bafatake, ta sahun Magariba, ba ta kai wannan ba: na sa tsoho ya tuɓe tasa kunyar a bainar jama'a don ya rufe ni da ita. Na fito kaina a ƙasa, na bi ta bayansa, Bakari ya cusa mini rigar da ya ɓoyo a hammata.

Abin da ya faru bayan tafiyarmu ladan ne ya ba ni labari. Ya ce Sarkin Pawa ya dubi Malam ya ce:

"Malam, sunan ɗan fari? Da bakinka?"

"Da bakina. Gara in ji kunyar yini ɗaya da bakina, da in yi ta jin ta kullum da bakin wasu. Kun ce sunan liman kada ya yi yawo. Na kamo shi na ɗaure. Wanda ya tafi Ajame ba na liman ba ne."

Ladan ya ce da aka tayar da iƙamar La'asar, mutane suka tsaya suna jiran abin da Sarkin Pawa zai yi. Shi da kansa ya ɗauki buzun liman ya shimfiɗa a gaba, ya koma sahu.

Mu kuwa mun haye gadar nan mai lilo a kan ruwa, Bakari na gaba yana koya wa taro sabon suna kamar mai biya wa yara allo. Harshensu bai iya ha ba, Aruna suke cewa, na ce ya wadatar. Wasan bai zama abin labari ba, ɗaya da ɗaya aka tashi. Ni na ci namu, da ka ma, ba da ƙafar hagun ba. Da ƙwallon ta shiga, rabin mutanenmu suka manta karatu suka kwarma tsohon suna. Sai ga Bakari ya bar wasa yana gudu a bakin layi, yana nuna musu dunƙule.

"Aruna, ku jakuna! Aruna!"

Dakar dai an tafi ba da ni ba, don a kwanakin da nake wanke alluna aka yi zaɓen. Na ƙara wasu shekaru a fili har gwiwa ta ce ta gaji, na koma kan buzu. Sunana na gaskiya bai taɓa yin nisan da na aro ya yi ba. Ba ya daɗin rerawa, in ji su. Waɗanda suka zo bayana suka fi ni, aka rubuta su a jarida, ni kuwa ɗan abin da ya rage a kan tsofaffi, da sunan Malam ya rage. Shi ya sa tsohon Aras ya gaya wa Nafisa abin da ya gaya mata. In kun sake jin haka, ku ce wanda aka gani da gajeren wando Haruna ne.

Amma bari in koma wancan yammacin. Na dawo an idar da Magariba, na same shi a zaure shi kaɗai, ya juya wa ƙofa baya, ya ja rawani ya rufe bakinsa har hanci. Na durƙusa nesa da shi.

"Allah gafarta Malam, na maido."

Bai juyo ba. Carbi ya yi ta tafiya a hannunsa. Can ya sassauta rawanin, ya ɗaga murya wajen Inna a cikin gida.

"A gaya wa yaron nan na karɓi nawa, shi ma ya karɓi nasa, babu sauran bashi. Ya tashi ya wanke ƙafa, ya cika mini tabarma da ƙasar Ajame."

Na ce to. Bai sake faɗin sunana ba har Allah Ya karɓi abinsa.